Da me ɗan wasan poker yake yanke shawarar bi ko janyewa?

Tambaya: Malam, ina kallon gasar poker ta Las Vegas a YouTube. Na ga wani ya bi kuɗi alhali katinsa bai haɗu ba, aka yaba masa, wani kuma ya zubar da kati mai kyau, shi ma aka yaba. Da me suke aunawa?

Amsa: Ɗan'uwa, hukuncin caca a Musulunci sananne ne, haramun ce. Lissafin abin da kake kallo zan yi maka bayani.

A wasan no-limit hold'em, wato nau'in poker da ba shi da iyakar zubi, ana raba wa kowa kati 2 a rufe, sannan a buɗe 5 a tsakiya: uku tare, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Gwani ba ya tsayawa kan kyan katinsa. Farashi yake dubawa: nawa zan biya, nawa ke ƙasa, kuma sau nawa zan ci?

Mu ce an buɗe kati 4. Kana riƙe da masu zanen zuciya guda 2, a tebur akwai 2, saura ɗaya ka cika biyar iri ɗaya. Kartar 52 ce, kowane iri 13, don haka zuciya 9 suka rage cikin kati 46 da ba ka gani ba. Wato kusan sau ɗaya cikin biyar za ka dace, kashi 20 cikin 100. To, akwai dala 100 a ƙasa, abokin karawarka ya zuba 50. In ka bi, 50 ɗinka na cikin jimillar 200, kenan sai kana ci kashi 25 cikin 100 kafin ka mayar da kuɗinka. Ashirin bai kai ba, sai ka janye. Da 20 ya zuba, kashi 14 kawai kake buƙata, bi ya zama daidai. Katin bai canja ba, farashin ne ya canja.

Amma tunda wasan ba shi da iyakar zubi, akwai sauran magana. Idan mutumin yana da tulin kuɗi a gabansa, kuma irin wanda ba ya iya sakin kati ne, za ka iya bin 50 ɗin nan, muddin kana sa ran tatsar ƙarin dala 56 ko fiye a zagayen ƙarshe in katinka ya faɗo. A nan masu koyo suka fi yaudarar kansu, domin zuciya ta uku a tebur kowa na ganinta, mai hankali kuwa sai ya kama kansa.

Burga ma lissafi ce. Wanda ya zuba 100 a kan 100 ba tare da komai a hannu ba, yana buƙatar abokinsa ya janye sau ɗaya cikin biyu. A babbar gasar duniya ta 2003, Chris Moneymaker ya tura duk abin da ke gabansa alhali katinsa bai haɗa komai ba, Sammy Farha ya daɗe yana nazari, ya zubar da katinsa alhali ya haɗa lamba tara guda biyu, shi ke gaba. Moneymaker ya ci gasar da dala miliyan 2.5. A ganina Farha bai yi wauta ba: akwai kati uku iri ɗaya a tebur, kuma yadda aka yi ta zuba masa kuɗi ya yi kama da na wanda ya haɗa.

Shi ya sa gwanaye ke zuba adadi ɗaya ko da kati ko da burga, don kada a karance su. Har manhajar Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon, wadda ta doke ƙwararru huɗu a Pittsburgh a 2017, takan zuba fiye da kuɗin da ke ƙasa nesa ba kusa ba, wani lokaci da kati mai ƙarfi, wani lokaci hannu wayam.