Filasma ko LCD: abin da za ka faɗa wa yayanka

Ɗana, ka ce yayanka zai yi aure bayan salla, yana son talabijin ta falo, shi ne ya aiko ka ka tambaye ni tsakanin filasma da LCD wacce ta fi. To matso, don kai ma gobe kwastoma zai tsare ka da wannan tambayar, ba na so ka tsaya kana sosa ƙeya.

Da farko dai, sabuwar filasma babu ita. Ka taka France Road daga farko har ƙarshe, ka kutsa kasuwar Sabon Gari, ba za ka samu wadda aka ƙera bana ko bara ba. Pioneer ta sanar da barin harkar tun 2009. Panasonic, wadda ta fi kowa riƙe ta, ta tattara a farkon 2014, kafin shekarar ta ƙare Samsung da LG su ma suka rufe. Don haka duk filasmar da ka gani a shago ta ba wa shekara goma baya, ko da an goge ta tana ƙyalli an naɗe ta a leda. Tokumbo ce, yawanci daga kasuwar Alaba ta Legas ake hauro da su. Abin da ke rikita mutane shi ne, a garin nan kowace talabijin ta bango filasma ake ce mata. Ba mamaki yayan naka ma abin da yake nufi ke nan, sai ka fara tambayarsa.

Gane su ba wuya. Ɗora yatsa a fuskar. Ta filasma gilashi ne mai tauri, ta LCD kuwa in ka ɗan danna za ka ga wurin ya yi motsi. Ko ka leƙa lambar da ke baya: Samsung in ta fara da PS ko PN filasma ce, in UA ko UE ce LED ce, wato sabon nau'in LCD. LG kuma harafin P bayan lambar inci, irin 42PJ ko 50PK, filasma ce.

Yadda suke aiki shi ne tushen komai. A filasma, tsakanin gilasai biyu akwai 'yan mitsi-mitsin ɗakuna cike da iskar gas, niyon da zinon. In wuta mai ƙarfi ta bi ta cikinsu sai su kama, su haska wani sinadari da aka shafa a jikin ɗakin, ja ko kore ko shuɗi. Kowane ɗigo da kansa yake yin haskensa. LCD ba ta da hasken kanta ko kaɗan. Fitila ce a baya tana ci, allon gaba kuma kamar taga mai lufa ne, yana buɗewa haske ya wuce, yana rufewa ya tare. Tsofaffin LCD dogayen ƙwayaye ne a bayansu, irin waɗanda muke yawan ciro wa bod ɗin inbata, wato faifan da ke ba ƙwayayen wuta. Da aka sauya su da ƙananan fitilun LED sai 'yan kasuwa suka raɗa mata sabon suna, amma LCD ce dai. Har QLED ɗin da ake ta zuzutawa ita ce.

Ba zan ci amanar filasma ba, hotonta ya fi daɗin kallo. Baƙinta baƙi ne sosai, tunda inda ake son duhu ɗigon kusan mutuwa yake yi, ita kuwa LCD fitilarta na nan tana ci, sai baƙin ya koma toka-toka. Wanda ya zauna a gefe can kusa da ƙofa yana ganin launi daidai da na tsakiya. Ƙwallo in ana gudu da ita ba ta jan jela. Shi ya sa masu gidajen kallo suka daɗe suna son ta. Amma wannan kyan sai da dare ko a ɗaki mai duhu. Da rana tsaka a falo mai manyan tagogi gilashinta ɗaukar ido yake, ka riƙa ganin kanka da labule a ciki, nan LED ta fi ta nesa ba kusa ba.

Sai dai ni in mutum ya zo mini da wannan magana, ba na farawa da hoto. Tambayata ta farko ita ce, da wace wuta za ka kunna ta? Filasma mai inci 42 tana jan wat 200 zuwa 300, kuma tana ƙara ja duk lokacin da hoton ya yi fari. LED mai inci 43 ba ta cika wuce wat 60 zuwa 80 ba. Ɗauki biro ka buga. A ce ana kallo awa shida kullum, filasma a wat 250 ta ci yunit ɗaya da rabi a rana, yunit 45 ke nan a wata. LED a wat 70 ba za ta wuce yunit 13 ba. In gidan na Band A ne, inda tun Afrilun 2024 yunit ya haura naira 200, bambancin ya fi naira 6,000 duk wata, a kan talabijin kaɗai. Wanda ya yi murnar ya samu filasma da araha, mita ce za ta riƙa karɓar cikon a hankali.

In sola gare shi abin ya fi muni. Batir mai 200Ah na bolt 12, rabin abin da ke cikinsa ake so a sha in ana son ya yi ƙarko, wato wajen wat 1,200 na awa guda. Filasma za ta lashe wannan kafin awa biyar, LED kuwa za ta wuce awa goma sha biyu tana yi. Ƙaramin janareta ma in ka haɗa masa filasma da fanka da dikoda, kai da kanka za ka ji muryarsa ta sauya. Amarya na zaune tana kallo, ango na waje yana lissafin fetur.

Ga zafi. Duk wutar nan da take sha, mafi yawanta zafi take komawa. Ka tsaya gaban filasma bayan awa ɗaya ka ji hucin da ke fitowa. Haɗa wannan da zafin Kano na Afrilu, lokacin da ake kai maki 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe kafofin shan iska, sai ka ga kwandansa, 'yan na'urorin nan masu ajiye wuta a cikinta, sun kumbura. Akwai kuma tabo. Abin da ya daɗe wuri ɗaya a fuskar filasma, kamar tambarin tasha ko ɗan akwatin nan na sakamakon wasa a kusurwa, yakan bar inuwarsa har abada. Wannan ba shi da magani, kada ka karɓi kuɗin kowa a kansa.

Mu da muke buɗe bayansu mun san inda gizo ke saƙa. Ciwon filasma kullum bod ɗin Y-sus ne ko X-sus, faifan da ke tura wa allon wuta, waɗanda suke ɗaukar wajen bolt 200, kuma in Y-sus ya tafi sau da yawa yakan ja bafa, bod ɗin da ke haɗa shi da allon, su tafi tare. Sabonsu babu. Sai ka nemo wata matacciya irinta sak ka ciro, kana addu'a nata lafiya yake. Dubi waccan mai inci 50 da ke jingine a lungu, bod muke jira ba mu samu ba, mai ita har ya daina kira.

LED ma ba waliyyiya ba ce. Cutarta fitilun baya. Kwastoma zai ce maka tana magana amma ba hoto. Kada ka yi saurin kwancewa. Kunna ta, ɗauko tocila ka manna a fuskar ka duba da kyau. In ka hango hoto dishi-dishi yana motsi, allon lafiya lau, layin fitila ne ya ƙone, kuma ana samunsa a kasuwa ba tsada. In ka gama gyara ka shiga saiti ka rage hasken baya, don daga kamfani a ƙure suke zuwa, shi ke kashe su da wuri. Abin da ba ya gyaruwa shi ne allo. In ya fashe, kuɗin sabo ya kusa kuɗin talabijin ɗin, kuma fuskar LED ba ta jure bugu. In yara sun zo, a ɗaga ta bango.

To ka ce wa yayanka ya sayi LED sabuwa a kwali. Falo madaidaici inci 43 ya ishe shi, Full HD. Kada ya ƙure aljihunsa don 4K, tashoshin da zai kalla a dikoda ba su kai can ba. Ya tsaya a buɗe kwalin a gabansa, a kunna, a sa mata hoto fari fat sannan baƙi ƙirin, ya duba ko akwai mataccen ɗigo ko haske na tsiyaya ta gefe. Ya gwada kowace kafar HDMI, inda ake jona wayar dikoda. Lambar da ke kwali ta yi daidai da ta bayan talabijin, don ana liƙa sunan babban kamfani a jikin kayan da ba nasu ba. Rasit da takardar garanti kada ya baro su. Kuma cikin kuɗin ya ware na sitabilaiza ko na'urar kariya, saboda yawancin gawarwakin da ake kawo mana dawowar wuta da ƙarfi ce ta kashe su. In akwai hali sosai, OLED ce ta gaji filasma, ita ma kowane ɗigo da haskensa, LG ta fara sayar da mai inci 55 a 2013, sai dai kuɗinta ba na sabon ango ba ne.

In kuma ya kafe sai tokumbon filasma, to ka raka shi. Duba takardar baya, in an rubuta bolt 120 ta Amurka ce, wutarmu 230 ce, sai da tiransifoma. A bar ta a kunne rabin awa, ka kasa kunne ko tana ƙugi, ka sa farin hoto ka nemi tabo. Wajen ɗauka a tsaye za a riƙe ta cikin adaidaita sahu, mutum biyu, don ta fi kilo 20, kuma in aka kwantar da ita rami ɗaya ya isa ya tsaga gilashin.

Yanzu jawo waccan mai inci 32 da aka kawo da safe, ka yi mata gwajin tocila ina kallo. In ta kai ga buɗewa, zare filogi tukuna, ka sa mitar gwaji a kan babban kwandansan nan na bod ɗin wuta, yakan riƙe sama da bolt 300 bayan an kashe. Sai ka sauke wutar da ke cikinsa kafin hannunka ya shiga.