Matan da ke waƙa ana fille musu kai: labarin gaskiya ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ci karo da wani guntun bidiyo a YouTube: mata sanye da fararen kaya a kan dandamali suna rera waƙa da ban gane yarenta ba, sai a ji ƙarar wani abu mai kaifi ya faɗo, sai ɗaya ta zube ƙasa, har suka ƙare. Jikina ya yi sanyi. Wane wasa ne wannan, kuma abin ya faru da gaske? Idan ina son kallonsa duka, wanne zan nema?

Amsa: Malama, ƙarshen wani wasan opera kika gani, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukkan maganarsa da kiɗa. Sunansa Dialogues des Carmélites, Bafaranshen nan Francis Poulenc ne ya tsara kiɗansa, aka fara nuna shi a gidan wasan La Scala na birnin Milan a Janairun 1957. Wasan da Faransanci yake, amma waƙar da kika ji, Salve Regina, addu'a ce ta 'yan Katolika da harshen Latin. Daga yadda kika kwatanta, ina kyautata zaton shirin Robert Carsen ne, wanda 'yan wasan La Scala suka yi aka ɗauka a Milan a 2004, Riccardo Muti na jagorantar makaɗa.

Abin ya faru. Lokacin juyin juya halin Faransa, gwamnati ta rufe gidajen zuhudu, ta kori wasu sistoci 'yan ɗariƙar Karmel daga gidansu a garin Compiègne. Suka ci gaba da ibadarsu a ɓoye, aka kama su, aka kai su Paris. Ranar 17 ga Yuli, 1794 aka fille kawunan su 16, suna hawa ɗaya bayan ɗaya da waƙar ibada a bakinsu. Kwana goma bayan nan gwamnatin Robespierre, jagoran juyin a lokacin, ta faɗi. Gawarwakinsu na cikin ramin bai ɗaya a maƙabartar Picpus da ke Paris, kuma a Disamban 2024 Paparoma Francis ya ayyana su cikin tsarkaka.

Sai dai tauraruwar wasan, Blanche, ba ta cikin 16 ɗin nan. Wata marubuciya Bajamushiya, Gertrud von Le Fort, ce ta ƙirƙiro ta a 1931, Georges Bernanos ya rubuta hirarrakin, Poulenc ya ɗora kiɗa. Ita Blanche matsoraciya ce ta ƙarshe, inuwa ma firgita ta take yi, don gudun duniya ta shiga gidan zuhudun.

A nan nake jan kunnen masu kallon guntun ƙarshen kaɗai. Suna tashi da zaton wasan jarumta ne, alhali tsoro ne cibiyarsa. Ki nemi ƙarshen kashi na farko, inda tsohuwar shugabar gidan ke kan gargara. Matar da ta shafe shekaru tana shirin haɗuwa da Ubangijinta, ga ta tana birgima a kan gado, tana roƙon likita magani, tana furta kalaman da sai da aka rufe taga don kada ƙananan sistoci su ji. Daga baya ƙaramarsu, Constance, ta ce wa Blanche ita gani take an yi kuskure ne an ba tsohuwar mutuwar wani, kamar yadda ake miƙa wa mutum rigar da ba tasa ba, ta yi masa kaɗan. Ke nan akwai wata can da za ta samu tata mutuwar da sauƙi. Idan kin riƙe wannan, za ki gane me ya sa Blanche, wadda ta gudu ta ɓuya, ta fito daga cikin taron jama'a a natse ta bi sahun 'yan uwanta. Wanda bai ga mutuwar tsohuwar ba, fitowar nan ba za ta ce masa komai ba.

Ki kuma kasa kunne ga saran. Poulenc bai sa shi ya riƙa faɗowa daidai da bugun kiɗa ba. Yakan zo a tsakiyar kalma, ba zato, kuma kowane sara murya ɗaya yake ɗaukewa. Na ji shi sau ba adadi, har yau ban iya cankar inda na gaba zai sauka.

Maganar wanda za ki nema: fara da na gidan Metropolitan na New York, shirin John Dexter na 1977, wanda aka ɗauka a Mayun 2019, Isabel Leonard a matsayin Blanche, Karita Mattila a matsayin tsohuwar. Daɓen dandamalin siffar gicciye ne fari, labarin kuma a miƙe yake. Kyamara ta yi wa mutuwar tsohuwar rana, don tana kai ki dab da fuskarta, abin da mai zama a kujerar baya ba ya samu. A fagen ƙarshe kuwa matsowar nan kan rage armashi, domin abin da ya kamata ido ya gani shi ne fili yana ta faɗi, mutane na raguwa. Nan ne na Carsen ya fi burge ni.

Akwai kuma na Dmitri Tcherniakov da aka yi a Munich a 2010. Shi ya sauya ƙarshen ɗungurungum: babu fille kai, Blanche ce ke janyo sistocin daga wata bukka ɗaya bayan ɗaya, ita kaɗai ta mutu da bukkar ta fashe. Magadan Poulenc da Bernanos suka kai ƙara, kotu a Paris ta hana sayar da faifan a 2015, babbar kotun Faransa ta soke hukuncin a 2017. Wannan ki bar shi sai kin ga ɗaya daga cikin biyun can.