Kafin ka buɗe bokitin fenti

Jiya muna wanke kayan aiki ka ce min, "Oga, mutumin nan da zai sayar da gidansa yana so a gyara masa fuskar gidan ta ɗauki ido. Wace kalar fenti zan ce ya sayo?" Na ce ka bari sai mun zauna, don ba amsar da ake bayarwa a tsaye ba ce. To ga ta, ɗana.

Maganar kala ita ce ta ƙarshe a wannan aiki, kai kuma ka ɗauko ta ka sa a gaba. Ba laifinka ba ne, ni ma haka na fara.

Idan ka isa gidan, kada ka sauke ko tsani. Tsallaka titi, ka tsaya daidai inda baƙo zai fara hango gidan, ka yi shiru kana kallo. Sannan ka ɗauki hoto da wayarka, don yawancin masu saye a yau a hoto suke fara ganin gida, kuma hoto ba ya jin kunyar kowa. Mai gidan ya shekara goma yana wuce ƙyauren da ya karkace har idonsa ya daina ganinsa. Mai saye kuwa lissafi ya zo yi. Duk aibin da ya gani sai ya rage kuɗi a zuciyarsa, kuma abin da yake ragewa kullum ya fi abin da gyaran zai ci. Ga kuma zargi: in ƙofar da kowa ke gani haka take, yaya rufin da ba a gani, yaya bututun da ke cikin bango? Wannan zargin shi aka ɗauke ka ka kashe.

Daga nan sai ka bi sawun ruwa, don kusan duk munin da za ka gani a bangon waje aikinsa ne. Durƙusa ka dubi gindin bango. In ka ga fenti ya kumbura yana ɓarewa, ko wani farin gari kamar gishiri ya fito, to danshi ne ke hawa daga ƙasa, kuma yakan tsaya ne wajen mita ɗaya. Ɗaga kai ka dubi sama. Baƙin zane da ya gangaro daga bakin rufi yana gaya maka indararo ya toshe ko ya tsage. Dubi bututun banɗaki da ya ratsa bango, dubi inda na'urar sanyaya ɗaki take ɗiga. Sai ƙasar da ke kewaye da ginin: kamata ya yi ta gangara ta bar bango, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Sau da yawa za ka tarar an yi ta zuba ƙasa ana dasa furanni a jikin bango har ta haura shimfiɗar hana danshi da aka sa lokacin gini, alhali ita wannan shimfiɗa ana son ta fi ƙasar waje tsawo da kimanin santimita 15. Nan shebur ne maganin. Ka kwashe ƙasar, ka ba ruwa hanya, ka bar bango ya sha iska.

Bari in ba ka labarin abin da ya koya min wannan. Ina kamar shekarunka wani mai gida ya matsa min, wai masu saye za su zo, in rufe masa gindin katanga da fenti kawai. Na ga farin garin nan da idona, na goge shi da tsumma, na shafa fenti har sau biyu. Ranar da na gama, wallahi kamar sabon gini. Bayan mako uku ya kira ni. Na tarar fentin ya yi ƙuraje tun daga wannan kusurwa har waccan, in ka danna da yatsa sai ya fashe, ruwa-ruwa a ciki. Mai sayen ya riga ya zo ya gani. Tsohon bango mai datti da ya yi masa uzuri, amma sabon fenti da ya kumbura ya gaya masa an ɓoye wani abu, sai ya shiga bin gidan ɗaki-ɗaki yana ƙwanƙwasa bango. Cinikin bai yiwu ba, kuma mai gidan ya manta shi ya matsa, sunana kawai ya riƙe.

In ka gama da ruwa, ɗauki ƙotar guduma ka bi filasta kana bugawa a hankali. Inda ta kama za ka ji sauti a cike. Inda ta saki sai ka ji kamar ganga. Duk wurin da ya yi ganga a fasa shi, a share ƙura, a jiƙa bulo, a mayar da sabuwa, awo ɗaya na siminti da huɗu ko biyar na yashi mai tsabta. A riƙa yayyafa mata ruwa kwanakin farko. Kuma ka ji wannan da kyau: sabuwar filastar siminti tana son kimanin kwana 28 kafin fenti ya hau ta, in ba haka ba kaifin simintin da danshin da ke ciki su cinye fentin, ka ga wurin ya yi dabbare-dabbare. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai gidan ita ce yaushe yake son a fara zuwa gani. In ya ce jibi, ka gaya masa ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsaga iri biyu ce. Akwai siririya kamar gashi, a fatar filasta kawai take, wannan a ɗan buɗe ta a cike a goge, shi ke nan. Akwai kuma wadda ta kai faɗin milimita 5 ko fiye, ko ta taso a karkace daga kusurwar taga, ko take bin layin bulo kamar matakala, ga ƙofar kusa da ita ta fara cijewa. Wannan ba taka ba ce, ba tawa ba ce. Ginin ne ke motsi, injiniya za a kira. In mai gida ya ce ka toshe ka shafe kafin kowa ya gani, ka ce Oga ya hana. Ha'inci ne, kuma wanda zai kwana a ƙarƙashin bangon da iyalinsa bai yi maka laifin komai ba.

Yanzu wanki. Za ka yi mamakin yawan gidajen da ba fenti suke buƙata ba, wanka suke so. Shafa tafin hannunka a bango. In ya fito fari fat kamar ka taɓa alli, tsohon fentin ya mutu, sai an wanke garin an sa shafin farko mai kama bango kafin sabo ya zauna. In hannunka ya fito da ƙura kawai, ruwa da sabulu da burushi na iya isa. Gansakuka da baƙin fumfuna kuwa bilic ke kashe su, awo ɗaya cikin ruwa awo uku. Sa safar hannu, kare idonka, rufe shukoki, kuma kada ka kuskura ka gauraya shi da wani maganin wanki. Wani abu kuma da ba a faɗa mana ba muna yara: tsohon fentin mai a tsofaffin gidaje yana iya ƙunsar dalma, don haka kada ka goge shi a bushe kana shaƙar ƙurar. Jiƙa shi, ka rufe hanci.

Ƙofar shiga ka ba ta lokaci fiye da girmanta, don ita kaɗai ce mai saye zai taɓa da hannunsa yana tsaye yana jiran a buɗe. In ta ƙarfe ce, a kankare tsatsa da burushin waya da samfefa har ƙarfe ya fito, a sa jan shafin nan na hana tsatsa, sannan fentin mai shafi biyu marasa kauri, a bar kwana ɗaya tsakaninsu. Shafi ɗaya mai kauri hawaye yake yi, ya bushe a haka. In ƙyauren yana jan ƙasa a kira mai walda ya ɗaga shi, a sa giris ya daina kuka, sakata ta shiga ba sai an sa kafaɗa ba. Ƙwan fitilar ƙofa ya kama, lambar gida ta fito a miƙe.

Sauran ba sai na daɗe ba. A sare reshen da ke gogar rufi ko ya rufe taga, a cire ciyawar da ta fito tsakanin daɓe, a ɗaure wayoyin da ke lilo, a wanke gilasai. Ragowar bulo da tsohuwar taya da tulin yashin da ya kwana biyu a ƙofa duk su bar wurin.

To, ga kalarka. Mai haske, mai sanyin ido, wadda ba za ta yi faɗa da gidajen maƙwabta ba: ruwan madara, toka mai haske, ƙasa-ƙasa mara duhu. Ɗaya ta jikin bango, ɗaya ta bakin tagogi da gindin gini, ƙofa in ana so ta ɗan fi su duhu. In mai gidan yana son shuɗi mai ihu, ka tuna masa da ladabi cewa ba shi zai zauna a ciki ba. Kafin a sayo da yawa, shafa faɗin mita ɗaya a bangon, ku duba da safe ku duba da yamma, don kalar da ke kan murfin bokiti ba ita ce ke fitowa a rana ba. Lita ɗaya takan rufe wajen murabba'in mita 10 a shafi ɗaya in bangon sumul ne, mai kaushi ya fi sha, amma karanta jikin bokitin. Kada ka tsinka shi da ruwa fiye da yadda aka rubuta don ya yi auki. Ka bi inuwa kana aiki, kada ka shafa a bangon da rana ta gasa, kuma in ka fara bango ka kai shi kusurwa kafin ka huta, in ba haka ba mahaɗin zai fito.

Zai yiwu ya kawo maka maganar manna tayil a fuskar gidan duka, ko ƙara ginshiƙai na ado. Mu aiki ne zai ƙaru mana, na sani, amma ka gaya masa gaskiya: da wuya wannan kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma mai saye na iya zuwa ya ce shi ba ya son tayil ɗin.

Gobe da safe ka riga ni zuwa. Ka tafi da guduma da tef ɗin awo da alli, ka zagaye duk inda ya yi ganga, ka auna kowace tsaga ka rubuta faɗinta a gefenta. Rola da burushi ka bar su a shago.