Tutar da Kawu ya gani a hannun ɗana

Kawu, ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya. Yaya ta faɗa mini hoton da aka tura maka ya hana ka barci, wai ga ɗana riƙe da shuɗiyar tuta mai farin gicciye. Don Allah hankalinka ya kwanta. Yaron nan yana salla, kuma ya kusa haɗa izu 5.

Tutar ba ta coci ba ce. Taurari 5 da ke jikinta su ne waɗanda muke gani ta kudu idan dare ya yi a nan Ostireliya. Masu haƙar zinariya na garin Ballarat ne suka ɗaga ta a 1854, lokacin da Turawan Ingila ke mulkin yankin Victoria. Tun 1851 da aka gano zinariya aka ɗora musu kuɗin lasisi, sule 30 a wata da farko, ka samu ko ba ka samu ba, alhali ba su da ƙuri'a. Mutum yana can ƙasan rami cikin taɓo, ɗan sanda zai tsaya a baki ya ce ya hau ya nuna takarda. Wanda ba shi da ita, har ɗaure shi ake yi da sarƙa a jikin gungume. Da Gwamna Hotham ya zo, sai ya ce a riƙa wannan farauta sau biyu a mako. Kai da ka ba mu labarin yadda Kaka yake kora shanu daji da tsakar dare idan masu jangali sun doso, ai ka san zafin abin.

A ƙarshen Nuwamba suka taru suka ƙona takardun lasisi, suka yi rantsuwa a gindin tutar, Peter Lalor ya shige musu gaba, suka kafa shingen katako a Eureka, wani filin haƙa a Ballarat. Da asubahin Lahadi, 3 ga Disamba, sojoji suka auka musu. Mahaƙa fiye da 20 suka rasa rayukansu, Lalor ya rasa hannu. Mutum 13 aka kai kotu a Melbourne kan cin amanar ƙasa, na farkonsu baƙar fata ne daga Amurka, John Joseph, kuma duka aka wanke su. A 1855 aka soke lasisin, aka koma fam 1 a shekara, haɗe da damar jefa ƙuri'a.

Kakan kakan matata yana cikin masu haƙa a Ballarat a wancan zamani. Na san maganar aurena har yau tana sosa ran wasu a gida, ana cewa na auri Baturiya, 'ya'yana sun ɓata. Kawu, matar nan ita ke tuƙa tuwon Sallah idan 'yan gidajen Hausawan da muke nan mun haɗu, ita ta zauna da Inna a waya tana koyon kaɗa miyar kuka har ta daina gudaji. Zan hana yaro sanin dangin uwarsa ne? Ya san Ballarat, ya kuma san sunan unguwarmu da na kakanninsa har uku. Abin da ya fi yi mini ciwo, ba wanda ya kira ni ya tambaya kafin magana ta zaga dangi.

Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan kira ka bayan la'asar ɗinku, ko da dare ya yi nisa a nan, in ba shi waya ya gaishe ka da bakinsa, ya karanta maka Tabaraka.