Amsa: Shin komai kaɗawar fili ne kawai?

Malam, ka tambaya daga Jidda ko duk abin da muke taɓawa kaɗawa ce kawai a wani fili marar ganuwa (abin da masana kimiyya ke kira "field") da ya cika sarari. E, kimiyyar yau ma haka ta ce: ilektoron, wato ƙaramar ƙwayar nan mai cajin lantarki da ke cikin atom, kaɗawar filinsa ne, haske kuma kaɗawar filin lantarki da maganaɗisu. Ƙwayar Higgs da aka gano a CERN, cibiyar binciken kimiyya da ke Turai, a 2012 ma shaidar wani filin ce.

Amma da ka ce fili ɗaya tak ne ya haifi komai, nan fa sai da lissafi. Ɗalibaina a nan Makka sukan zo da irin wannan tunanin, kuma da daɗin ji. Sai in tambaye su: nauyin ilektoron nawa lissafinku ya bayar? Kai ma fara daga nan.