Ga mai son sauke Corolla ɗinsa: wane sifirin, kuma milimita nawa?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, Corolla 2010 gare ka 'yar Amurka mai inji 1.8, ka sa mata rim 17, yanzu kuma ratar da ke tsakanin taya da fenda ta tsone maka ido, kana neman sifirin da zai sauke ta. Ka ga na kamfanonin Eibach da H&R da TEIN a intanet, ka ga wasu marasa suna masu araha, kana tambayar wanne za ka ɗauka, kuma ko shokozobar da ke jikin motar za ta iya zama. Na ga wasu sun riga sun ce maka kar ka soma, hanyoyinmu ba na wannan ba ne. Suna da gaskiyarsu, don a ƙasar nan yawancin mutane ɗaga tokunbo suke yi da zarar ta iso. Amma ni irin motarka nake hawa, a sauke take ta daɗe, kafin ita ma na riƙe Civic a sauke, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake.

Sunan kamfani shi ne abu na ƙarshe da za ka duba. Na farko awo ne. Corolla irin taka tana fitowa daga kamfani da tazarar da ba ta wuce santimita 15 ba tsakanin cikinta da ƙasa, kuma wannan lokacin tana sabuwa ke nan, babu kowa a ciki. Taka ta haura shekara goma, sifirin nata na asali ya riga ya ɗan kwanta. Sannan idan tayar da ka sa 215/45R17 ce, wadda ita ce girman da Toyota ta sa wa Corolla samfurin XRS, to ka sani ta ɗan fi tayar asali 195/65R15 gajarta, ta cinye maka kusan milimita 5 tun ba ka taɓa sifirin ba. Naman tayar kuma, tsayin robar daga rim zuwa ƙasa, ya ragu daga kusan milimita 127 zuwa 97, wato santimita 3 na roba da iska da a da suke shanye maka rami sun tafi. Ka ajiye wannan a ranka.

Ka samu fili mai daidai, ka ɗauki tef, ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen fenda a duk ƙafafu huɗu, ka rubuta. Daga tsakiyar wili, ba daga ƙasa ba, saboda iskar taya kar ta ruɗe ka. Ka kuma leƙa saman shokozoba ka gani ko wanda ya riƙe motar kafin kai ya sa mata robar ɗagawa. Da yawa ba su san motarsu a ɗage take ba. Na taɓa ganin wanda ratar da ke damunsa duk wannan robar ce ta jawo, aka cire ta motar ta zauna daidai, bai sayi komai ba. Shi kuma adadin da kamfanonin sifirin ke rubutawa, misali milimita 30, daga tsayin sabuwar mota suke lissafa shi. Idan taka ta riga ta kwanta da 10, saukar da za ka gani 20 ce, kar ka ce an cuce ka.

Bayan nan ka ɗebi mutum huɗu manya, ka jefa buhun shinkafa a but, ka bi hanyar da kake bi kullum: gangaren ƙofar gidanka, kwalbatin bakin layi, tudun simintin da 'yan unguwa suka yi don rage gudu, wanda babu injiniyan da ya auna shi. Wani ya sauka ya duƙa ya duba abin da ya rage a ƙasa. Idan yatsu uku ba su shiga tsakanin cikin motar da tudun ba, maganar ta ƙare a nan, ka bar ta yadda take. Abin da ke fara taɓa ƙasa shi ne leɓen bamba, robar ƙasan inji, salansa, sai kaskon baƙin mai. Masu Golf 4 sun fi kowa sanin wannan na ƙarshen, domin nasu na alminiyam ne, ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi.

Idan ka tsallake wannan, to shawarata milimita 25 zuwa 30, kar ka wuce. Eibach kamfanin Jamus ne, kuma yana da layi biyu da za ka yi ta gani. Pro-Kit shi ne mai sauƙin, yawanci yana saukewa tsakanin milimita 25 zuwa 40 gwargwadon mota. Sportline, jan nan, ya fi shi sauka sosai kuma ya fi tauri. Shi ne ya fi kyau a hoto, shi ne kuma ba zan ba wanda ke bin hanyar Kano zuwa ƙauye da Sallah shawarar ya saya ba. TEIN na Japan su ma haka: High.Tech, mai ruwan zinare, an yi shi ne don mai son sauka kaɗan ba tare da ya rasa laushi ba, S.Tech kore kuma ya fi sauka. H&R, su ma Jamusawa, kayansu na da kyau, amma a motocin da na hau na ji sun fi Pro-Kit tauri kaɗan. Wannan jin jikina ne, wani zai iya ce maka akasin haka. Ni Pro-Kit ne a tawa. Da zan sake saye, tsakaninsa da High.Tech zan tsaya, wanda na samu na ainihi a cikinsu.

Za ka ga ana cewa wani sifirin taurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, wani kuma yana farawa da laushi sai ya ƙara tauri yayin da yake matsewa. Na biyun za ka gane shi da ido, zagayensa a matse suke a gefe guda, a buɗe a ɗaya gefen. Don hawan yau da kullum shi ya fi, ƙananan gargada yana shanye su, babban rami kuma yana tare motar kafin ta dira.

Yanzu maganar shokozoba, wadda ita ce ainihin inda kuɗin yake. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shokozoba ita ke hana shi ci gaba da lilo bayan ya matse. Idan ka sa gajeren sifirin, sandar shokozoba ta riga ta nutse da santimita 3 tun motar na tsaye, tafiyar da ta rage mata kafin ta kai ƙarshe ta ragu ke nan. Ga shi kuma sabon sifirin ya fi tsohon ƙarfi, yana turowa da ƙarfin da ba a yi ta dominsa ba. Sabuwar shokozoba ta asali tana iya jure sauka kaɗan irin wadda na faɗa. Tsohuwa da ta zo da motar daga Amurka, ta sha hanyar nan shekaru, ba za ta jure ba. Wata biyu uku za ka ga mai na tsiyaya a jikinta, motar ta koma tsalle kamar kwaɗo a kan kowace gargada, ka taka birki gabanta ya dunƙusa, ka shiga kwana bayanta ya yi ta rawa. A nan ne mutane ke cewa sifirin ya lalata musu mota, alhali gajiyayyar shokozoba ce aka ɗora wa aikin da ya fi ƙarfinta.

Saboda haka ka haɗa lissafin shokozoba huɗu a cikin kuɗin tun farko. Akwai waɗanda aka yi musamman don mota a sauke, irin su Bilstein B8 mai gajeriyar sanda, ko Koni Sport mai ruwan ɗorawa, sai dai ba kowace mota suke yi wa ba, kuma da tsada, sai ka bincika ko akwai na taka. Ni sababbin KYB Excel-G na sa, suna aiki lafiya da wannan 'yar saukar. Ka dai yi hattara, jabun KYB sun yi yawa a kasuwa, kwali iri ɗaya, abin ciki daban. Idan kuɗinka na sifirin kaɗai ne, ka dakata har ka tara. Tunda za a kwance ƙafar gaba ɗaya, a lokacin ne ake canza maƙalin saman shokozoba, da robar ƙura, da 'yar robar nan da ke tare sanda idan ta kai ƙarshe. A duba boljoyin da tayirod da bushin, duk wanda ya yi sanyi a fitar da shi, don sauke mota yana tona asirin duk abin da ya gaji a ƙafa.

Wajen saye, da lambar kaya ake saye, ba da "na Corolla ne" ba. Corolla ta wannan shekarar iri-iri ce. Ta Turai da ta Amurka ba ɗaya ba ne, mai inji 1.8 da XRS mai 2.4 nauyin gabansu ya bambanta, kuma nauyin nan shi ake yin sifirin a kansa. Ka duba lambar shasi: idan ta fara da J a Japan aka haɗa ta, 2T1 Kanada, 1NX kuma Amurka. Ka shiga shafin kamfanin da kansa, ka zaɓi shekara da inji, ka kwafi lambar, sannan ka nemi mai sayarwa. Sifirin na gaske yana da sunan kamfani da lamba a buge a jikin zagayensa. Na Jamus sau da yawa za ka ga VA a na gaba, HA a na baya, kuma waɗanda ake sayarwa a Turai suna zuwa da takardar gwajin TÜV, masu gwajin motoci na Jamus, mai nuna motocin da aka amince a sa wa da iyakar nauyinsu. Launi ba hujja ba ne, fenti kowa na iya fesawa.

A kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo wani lokaci akan ci karo da na Beljiyam da aka ciro daga motar da ta zo a sauke. Idan lambar tana karantuwa, ta yi daidai da taka, huɗun duk saiti ɗaya ne, babu tsatsar da ta ci ƙarfe, ba laifi. Matsalar ita ce mai shago zai ajiye shi kusa da naka ya ce "ga shi, bakinsu ɗaya, zai shiga". Shiga daban, dacewa daban. Idan daga waje za ka yi oda, ka tambayi kuɗin dako kafin ka biya, ƙarfe ne mai nauyi kuma da kilo ake caji. Marasa sunan nan kuwa, araha ba ta ado. Ba wanda zai faɗa maka ƙarfinsu nawa ne, kuma na ga waɗanda suka ci gaba da kwantawa bayan an sa, har gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka.

Wani zai ce maka me ya kai ka wannan wahalar, kawo a yanke zagaye ɗaya da giranda, ko mai walda ya gasa shi ya zauna. Don Allah kar ka yarda. Wanda aka yanke ba ya zama daidai a mazauninsa, idan taya ta faɗa rami ƙafar ta miƙe zai iya gocewa. Wanda aka gasa kuwa an kashe masa ƙarfe, zai yi ta kwantawa har ranar da zai karye, kuma ba zai yi shawara da kai kan ranar ba.

Ranar sawa ka tsaya a garejin. Ka tabbatar makanike na da abin matse sifirin na gaske, ba igiya ko waya ba, don na gaba a matse yake da ƙarfin da zai iya illata mutum. Notukan bushin kar a ɗaure su ƙarshe motar na rataye a jak, sai an sauke ta nauyinta ya hau taya, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Makanikai da yawa ba sa kula da wannan, kai za ka tuna musu, cikin lalama.

Ka ba sifirin mako ɗaya ko biyu ya zauna, sannan ka je alaimen na kwamfuta. Sauke mota yana sa saman tayoyin gaba ya ɗan karkata ciki, yana kuma canza inda bakinsu ke kallo, kuma wannan na biyun shi ke cinye taya daga ciki cikin 'yan watanni ba ka lura ba. Idan karkatar ta yi yawa akwai noti na musamman da ake sawa a gindin shokozoba a gyara. Bayan Corolla ɗinka sanda ɗaya ce ta haɗa ƙafafun biyu, babu wani saiti a can, wannan ma wani dalili ne na kada ka zurfafa. A duba saitin fitila kuma.

Abin da za ka samu: motar za ta zauna da kyau a kan rim ɗin nan, za ta rage kwanciya a kwana, a kan titi mai kyau za ka ji ta a hannunka. Abin da za ka biya: za ka koyi hawa tudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, na bayanka na danna maka hon. Da damina ruwan da a da kake ratsawa za ka tsaya ka yi tunani. Iyali za su ji bambancin a kujerar baya kafin kai, tawa uwargidan har yau tana yi mini gori idan muka ɗauki hanyar gida. Tsofaffin sifirin kuma ka wanke ka adana, kar ka bar su a gareji, ranar sayar da mota dillali zai rage maka kuɗi idan ya gan ta a ƙasa.

Ka turo awon nan huɗu, da haruffa uku na farkon lambar shasi, da hoton saman shokozoba na gaba da na baya, sai mu duba lambar da ta dace da taka. Allah ya sa a yi a sa'a.