Tambaya da Amsa: Me ya sa garkuwar jiki ba ta kawar da HIV tun tana sabuwar shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗalibar aikin jinya ce. An koya mana cewa ƙwayoyin T na garkuwar jiki suna kashe duk ƙwayar jikin da cuta ta shiga. To, me ya sa suke gamawa da ƙyanda, amma HIV ta gagare su alhali a farkon kamuwa garkuwar mutum tana da ƙarfinta?

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Kada ki ɗauka jiki yana zuba wa HIV ido. Mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa, ƙwayar cutar kan kai miliyoyi a mililita ɗaya na jini, lokacin da wasu kan yi zazzaɓi da ƙuraje da kaluluwa. Daga nan ƙwayoyin T da ake kira CD8, waɗanda su ne masu kisa, sai su taso, yawanta ya ragu ƙwarai. Sai dai kafin su iso ta riga ta yi ɓarna, domin wasu ƙwayoyin T ɗin da ake kira CD4 masu tsara yaƙin su ne abin da take fara kamawa, kuma a makonnin farko take hallaka mafi yawan waɗanda ke bangon hanji. Wani bincike na 2002 ma ya nuna ta fi kama CD4 ɗin da jiki ya ware musamman don yaƙarta.

Babban makaminta, a ganina, shi ne sauya kama. Duk ƙwayar jikin da cuta ta shiga tana ɗaga guntun furotin na cutar a bayanta, bisa wani abu da ake kira HLA, kuma da wannan guntu CD8 ke gane ta. To, sinadarin da HIV ke kwafar kanta da shi ba ya gyara kuskure, ga shi kuma tana haifar da sabbin ƙwayoyi kimanin biliyan 10 a rana a jikin wanda ba ya shan magani. Idan aka dace kuskure ɗaya ya canza wancan guntu, CD8 ba za su ƙara gane shi ba, sai su kashe sauran su bar wannan ya yaɗu. Ko da yake yawanci ƙwayar cuta ɗaya tak ce ke fara kamuwar, cikin 'yan makonni akan tarar irin da ya kuɓuta ya maye gurbin na asali. Ban da haka, tana da furotin mai suna Nef da ke janye nau'o'in HLA biyu, wato HLA-A da HLA-B, daga bayan ƙwayar jikin, ya bar HLA-C, don kada wasu masu kisa da ke farautar ƙwayar da ta rasa alamarta gaba ɗaya su farga.

Akwai mutane ƙalilan, ƙasa da kashi 1 cikin 100, da jikinsu ke danne cutar ba tare da magani ba. Da yawansu suna da HLA-B57 ko B27, masu ɗaga sashen da cutar ba ta iya canzawa sai ta raunana kanta. A sauran mutane kuwa, CD8 kan gaji saboda yaƙin da ba ya ƙarewa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓuya. Tun a kwanakin farko HIV tana dasa kwafinta cikin gadon halittar wasu ƙwayoyin CD4, su kuma su kwanta ba sa fitar da komai, don haka babu alamar da CD8 za su gani. An tabbatar da wannan maɓoya a 1997 a jikin masu shan magani, kuma takan ɗauki kusan wata 44 kafin ta ragu da rabi. Shi ya sa maganin rage kaifin cutar ke danne ta amma ba ya warkarwa. Shi ya sa kuma wanda ke zargin ya gamu da ita, kamar ma'aikacin jinyar da allura ta soka, ake fara masa maganin kariya cikin sa'o'i 72 ya sha na kwana 28, kuma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ɗora duk wanda gwaji ya tabbatar yana da ita kan magani, komai yawan CD4 ɗinsa.